Haɗa Fiyanon Lantarki da Kwamfuta Domin Atisaye

Haɗa fiyanon lantarki da kwamfuta hanya ce da masu koyon kiɗa ke bi domin kwamfutar ta riƙa sanin abin da yatsunsu ke yi a kan maɓallai, ta adana shi, ta nuna musu shi a allo, ko ta fitar musu da sautin da ya fi na fiyanonsu daɗi. Kalmar fiyano a nan ta ƙunshi duk wani abin kiɗa mai maɓallai da ke aiki da lantarki, kamar yadda makaɗan situdiyo a Kano da Kaduna ke kiransa, tun daga ƙarami mai maɓalli 61 har zuwa babba mai 88. Gangunan lantarki ma wannan hanyar suke bi. Ginshiƙin aikin shi ne wata ƙa'ida da ake kira MIDI, wato harshen da kayan kiɗa na dijital ke magana da juna da shi.

Asalin MIDI

A ƙarshen shekarun 1970 kowane kamfani da nasa tsarin, ta yadda na'urar wani ba ta jin maganar ta wani. A watan Oktoban 1981 Dave Smith, mai kamfanin Sequential Circuits na Amurka, tare da Chet Wood suka gabatar da shawarar a samar da tsari ɗaya da kowa zai bi, yayin da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland a Japan, yake ta ƙoƙarin haɗa kan kamfanonin ƙasarsa a kan wannan manufa. A watan Janairun 1983, a bajekolin kayan kiɗa na NAMM a jihar Kalifoniya, aka haɗa fiyanoni biyu, Prophet-600 ta Sequential da Jupiter-6 ta Roland, da waya ɗaya, aka danna maɓallin wannan, waccan ta amsa. A watan Agustan shekarar aka fitar da ƙa'idar a rubuce, ba tare da an sa wa kowa kuɗin amfani da ita ba, abin da ya sa ta bazu cikin hanzari. An ba Smith da Kakehashi lambar yabo ta Grammy ta fannin fasaha a 2013 saboda wannan aiki.

Kwamfuta ba ta jima ba ta shigo ciki. Roland ya fitar da MPU-401, na'urar da ke jona kayan MIDI da kwamfuta, a 1984, sannan kwamfutar Atari ST ta 1985 ta zo da kafofin MIDI a jikinta, kuma a kanta ne manhajar Cubase ta fara fitowa a 1989.

Abin da ke bi ta cikin wayar

Babban abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne zaton cewa sauti ne ke bi ta wayar MIDI. Saƙo ne kawai ke bi, irin na wanda ya tsaya kusa da makaɗi yana ba da labarin abin da hannunsa ke yi. Idan aka danna maɓalli, fiyano zai aika da bayani uku: an danna maɓalli a tasha kaza, lambar maɓallin kaza, da ƙarfi kaza. Idan aka ɗage yatsa sai ya aika da wani saƙon na cewa an saki. An raba wa maɓallai lambobi daga 0 zuwa 127. Maɓallin C na tsakiya shi ne 60, fiyano mai maɓalli 88 kuwa yana kamawa daga 21 zuwa 108. Ƙarfin bugu ma iyakarsa 127. Yadda ake auna shi abin sha'awa ne: a ƙarƙashin kowane maɓalli akwai mahaɗan lantarki biyu, ɗaya na taɓawa kafin ɗaya, sai na'urar ta auna ɗan lokacin da ke tsakaninsu, idan gajere ne ta san an buga da ƙarfi. Abin takawa da ke jan sauti kuwa lambarsa 64 a jerin saƙonnin sarrafawa.

Waya ɗaya na ɗaukar tashoshi 16, kowace tasha za a iya ba ta muryar abin kiɗa daban. Tsarin General MIDI na 1991 ya jera muryoyi 128 da lambobinsu, ya kuma keɓe tasha ta 10 ga ganguna, shi ya sa fayil ɗin da aka kaɗa a wata na'ura zai fito da kayan kiɗan da suka dace a wata. Da yake saƙo ne ba sauti ba, ana iya rage saurin kiɗa ba tare da muryarsa ta canza ba, ana iya ɗaga shi ko sauke shi zuwa muryar da mawaƙi zai iya kamawa, kuma fayil ɗin waƙa cikakkiya bai kai nauyin ƙaramin hoto ɗaya ba. Duk amfanin wannan haɗi ga mai atisaye daga nan ya samo tushe.

Hanyoyin haɗawa

Hanya mafi sauƙi ita ce USB. Yawancin fiyanonin yanzu suna da wata kafa mai kusan kusurwa huɗu a bayansu, irin ta na'urar firinta, wadda a kayan Yamaha aka rubuta mata USB TO HOST. Ita ce ta kwamfuta; ɗaya kafar mai faɗi, USB TO DEVICE, ta filashi ce. Tun 1999 aka fitar da ƙa'idar MIDI ta USB, don haka fiyanon da ya bi ta, da an jona shi kwamfuta za ta gane shi, amma wasu, musamman tsofaffi, sai an sauke manhajar direba daga shafin kamfanin da ya ƙera su.

Tsofaffin fiyanoni suna da kafofi masu zagaye da ƙananan ramuka biyar, an rubuta musu IN da OUT, wani lokaci da THRU mai miƙa saƙon da ya shigo zuwa wata na'ura. Waɗannan suna buƙatar 'yar na'ura mai juya MIDI zuwa USB. Kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko shi ne haɗa IN da IN, alhali kuwa saƙon da ya fita daga OUT na fiyano dole ya shiga IN na ɗaya ɓangaren. Wannan tsohuwar waya tana aika bit, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar bayanin dijital, 31,250 a daƙiƙa, kuma ƙa'ida ta ce kada tsawonta ya wuce mita 15. A nan ya kamata a guji arha, domin wasu wayoyin marasa suna ba su da ɗan abin da ke raba wutar na'urorin biyu ta hanyar haske, wanda ƙa'idar ta wajabta, kuma sukan zubar da saƙo idan aka danna maɓallai da yawa tare, sai a ji wani sauti ya maƙale yana ta ƙara bayan an ɗage hannu.

Akwai kuma Bluetooth, wanda aka amince da ƙa'idarsa ta MIDI a 2015 kuma ya fi dacewa da wayar hannu da kwamfutar hannu. Jita mai lantarki da makirufo ba sa cikin wannan lissafi, domin su sauti suke fitarwa, don haka sai ta na'urar shigar da sauti.

Matsalar jinkiri

Wanda ya jona fiyanonsa ya danna maɓalli sai ya ji sautin ya biyo baya, ya gamu da babban abin da ke ɓata atisaye. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan waya, amma saƙon danna maɓalli ɗaya, ko a tsohuwar wayar, kimanin milisakan ɗaya yake ɗauka, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Jinkirin yana faruwa ne a wurin da kwamfuta ke haɗa sautin, domin ba ta fitar da shi kai tsaye, tara shi take yi a wani ɗan ma'aji, sai ya cika ta tura wa sifika. Idan ana aiki da gutsattsarin sauti 44,100 a daƙiƙa, ma'aji mai ɗaukar 128 zai cika cikin milisakan 3, mai 512 cikin kusan 12, mai 1024 kuwa 23, ban da abin da sauran sassan na'urar ke ƙarawa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka jinkirin milisakan 10 daidai yake da a ajiye sifika mita uku da rabi daga kunne, abin da yawancin makaɗa ke iya jurewa. Idan ya ninka haka sau biyu ko uku, hannu da kunne sukan raba hanya, kuma mai koyo zai saba da danna maɓalli kafin lokacinsa, ɗabi'ar da ke da wuyar bari.

A Windows maganin shi ne direban ASIO, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar a 1997, sannan a riƙa rage ma'ajin har sai an fara jin ƙas-ƙas a sautin, a ƙara shi mataki ɗaya. Kwamfutocin Apple suna zuwa da Core Audio da ke yin wannan aiki. Lasifikar kunne ta Bluetooth kuwa ba ta dace da atisaye ba ko kaɗan, domin jinkirinta yakan haura milisakan 100. A yi amfani da mai waya. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi yana da mafita mai sauƙi, ya riƙa sauraren muryar fiyanon kansa, ya bar wa kwamfuta aikin rubuta abin da ya kaɗa.

Yadda ake amfani da shi wajen atisaye

Manhajoji irin su Synthesia suna nuna maɓallan da za a danna suna saukowa a allo, kuma za a iya sa su tsaya su jira har sai an danna daidai. MuseScore, wadda kyauta ce, tana karɓar abin da aka danna ta rubuta shi da alamomin kiɗa, yayin da Pianoteq ta kamfanin Modartt na Faransa ke ƙirƙirar muryar babban fiyano ta hanyar lissafi. Sai dai abin da ya fi kowanne amfani shi ne ɗaukar kiɗan mutum a manhaja irin Cubase, FL Studio ko GarageBand, ya buɗe ya duba. Kowane sauti zai bayyana a matsayin ɗan gajeren zane a kan layukan lokaci, a ƙasansa kuma ga tsayin ƙarfin bugunsa. A nan mai koyo zai ga da idonsa cewa hannunsa na hagu yana riga na dama, ko ƙaramin yatsansa yana buga 45 a inda sauran ke buga 80, ko yana ƙara gudu duk lokacin da ya zo wuri mai wuya. Kunne yakan yi wa mai shi sassauci a kan irin waɗannan. Abin da allon ba ya nunawa shi ne zaman mutum, da tanƙwasar yatsunsa, da taurin wuyan hannunsa, waɗanda sai malami ne zai gani ya gyara.

Ƙananan matsaloli

Idan ana jin kowane sauti sau biyu, alama ce cewa fiyano na kaɗa kansa kuma kwamfuta na mayar masa da saƙon, sai a kashe abin da aka rubuta wa Local Control a saitinsa. Idan manhaja ba ta ga fiyanon ba, a rufe ta, a kunna fiyanon tukuna sannan a buɗe ta, a kuma tabbatar babu wata manhajar da ta riga ta riƙe kafar. Gunjin da kan fito a sifika idan an haɗa USB da wayar sauti tare yakan samo asali ne daga wutar da ke zagayawa tsakanin na'urorin biyu, kuma ana gane shi da cire cajar kwamfutar: idan ya yi shiru tana aiki da batir, sai a jona na'urorin duka a soket ɗaya, ko a sa na'urar raba wuta a kan wayar sautin.