Tsayin da doka ta hana matuƙin jirgi wucewa idan bai ga titin sauka ba

Idan gajimare ko hazo ya rufe gari, matuƙin jirgin sama ba ya ganin ƙasa, da na'urori yake gangarowa. Sai dai a saukar yau da kullum, dokar Amurka ba ta bar shi ya bi na'ura har ƙasa ba. Sashe na 91.175 na dokokin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, da na 121.651 da ya shafi kamfanonin jirage, sun ce kowace hanyar sauka tana da tsayin ƙarshe a rubuce a taswirarta. Ba a yin ƙasa da shi sai jirgin yana inda zai sauka salin alin ba tare da dirowa da ƙarfi ba, nisan da ake hangowa bai gaza wanda taswira ta ƙayyade ba, kuma matuƙi ya ga titin sauka ko alamominsa ko fitilunsa ƙarara. In ya iso wurin yanke shawara kuma ɗaya ya gaza, sai ya ƙara wuta ya koma sama nan take.

Tsayin iri biyu ne. Inda na'urar ILS, mai aiko da siginar rediyo daga filin jirgi, ke jan jirgi a kan gangara, galibi a ƙafa 200 sama da titin ake yanke shawara: a sauka ko a tashi. Inda babu wannan jagora kuwa, tsayin ya fi haka, kuma an haramta yin ƙasa da shi ko da kaɗan in ba a ga titi ba. Dokar ta shiga har batun fitilu. Wanda fitilun gaban titi kawai ya hango ba zai yi ƙasa da ƙafa 100 ba, sai ya ga jajayen da ke cikinsu ko titin kansa.

Me ya kawo wannan tsanani? A duba abin da ya faru a Birmingham ta jihar Alabama ranar 14 ga Agusta, 2013. Jirgin dakon kaya na kamfanin UPS, ƙirar Airbus A300, ya iso kafin ƙarfe biyar na asuba. Babban titin a rufe yake, sai aka ba shi gajeren, mai lamba 18, wanda ba shi da na'urar gangara. Tsayin ƙarshe ƙafa 1,200 ne daga matakin teku. Kyaftin yana gangarowa ƙafa 1,500 a minti ɗaya, fiye da abin da ƙa'idar kamfanin ta yarda da shi a kusa da ƙasa. Mataimakiyarsa, wadda aikinta ne ta sanar cewa an iso tsayin, ba ta sanar ba. Sun sa ran fita daga gajimare da wuri saboda rahoton yanayin da suka samu, alhali gajimaren ya fi haka sauka. Jirgin ya bugi bishiyoyi kusan mil ɗaya kafin titin, su biyun suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ce rashin lura da tsayi da ci gaba da saukar da ba ta daidaita ba ne sanadi, kuma gajiya ta taimaka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, babu inji da ya lalace. Ƙwararru ne da suka yi zaton titin zai bayyana musu da wuri. Wannan zaton ne dokar take son rabawa da matuƙi, shi ya sa aka yanke hukuncin tun a ƙasa, aka rubuta shi da lamba, don kada a bar shi ga mai gajiya da ke ɗokin isa gida.

Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ma haka take. Saboda haka idan hazon hunturu ya lulluɓe Kano, jirgi ya zo dab da sauka ya sake tashi ko ya karkata zuwa Abuja, mai yiwuwa matuƙin ya iso tsayinsa ne bai ga titi ba.