Yaro ya shiga sojan ruwan Amurka: zai zo gida hutun ƙarshen shekara kuwa?

Da watan Nuwamba ya kama, iyalan sabbin sojojin ruwan Amurka sai su shiga lissafi: a sayi tikitin jirgi ko a dakata? An tambayi yaro ya ce bai sani ba, uwa ta ɗauka ɓoye mata yake yi, alhali gaskiya ya faɗa. Amsar ta danganta ne da matakin horon da yake kai.

Ɗana yana horon kurata. Za a sake shi ya zo Kirsimeti ko sabuwar shekara?

A'a. Tun 1994 wuri ɗaya tak rundunar take horar da kurata, wato barikin Great Lakes a jihar Illinois, arewa da Chicago. Horon mako 9 ne tun farkon 2025, bayan an rage shi daga mako 10, kuma ba a sallamar kurtu gida a tsakiyarsa don biki.

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne sojan ƙasa ba haka suke yi ba. Su sukan dakatar da horo kimanin mako biyu a ƙarshen Disamba, kurata su watse gida. Sai maƙwabciya ta ce ai nata ɗan yana hanya, ke kuma ki zauna jiran naki. Ba runduna ɗaya ba ce. Iyakar abin da akan yi a Great Lakes shi ne ranar bikin godiya na Nuwamba da ranar Kirsimeti, ƙungiyoyin yankin kan ɗauki wasu kuratan da suka yi nisa a horo su ciyar da su, su samu damar buga waya gida, da yamma a mayar da su bariki.

An aiko mana da ranar yaye su. Ita ma tana iya canzawa?

Tana iya. Kurtun da ya yi rashin lafiya, ko ya faɗi gwajin iyo ko na gudu, akan mayar da shi cikin ayarin da ke bayansu, ranar yayensa ta matsa gaba. Ko an yi fareti an gama ma, yawanci ba gida zai nufa ba. Zai ɗan fita gari da ku, daga nan sai makarantar koyon aikin da aka zaɓa masa, wadda suke kira makarantar "A".

To wanda ya riga ya shiga wannan makarantar fa?

Nan ne ake samun hutun, nan ne kuma rashin tabbas ya fi yawa. Makarantun a warwatse suke: masu aikin jiragen sama a Pensacola ta jihar Florida, ma'aikatan jinya a San Antonio ta Texas, masu jirgin ƙarƙashin ruwa a Groton ta Connecticut, masu nukiliya kusa da Charleston, wasu kuma a nan Great Lakes ɗin. Galibinsu kan rufe aji kimanin mako biyu, daga gab da Kirsimeti zuwa farkon Janairu. Amma kowace makaranta kwamandanta ne ke tsayar da ranakun, don haka abin da wani yaro ya gaya wa iyayensa daga Florida bai shafi naku da ke Texas ba.

Rufe aji kuma daban, ba da hutu daban. Sai yaro ya cika takardar neman hutu, ta bi hannun na gaba da shi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane mataki ana iya tsayar da ita. Wanda ya iso makaranta ana gab da rufewa zai iya tarar an gama tsara masu tafiya. Wanda ke da laifin da ba a yanke masa hukunci ba, ba inda za shi. Bariki kuwa ba a barin sa babu masu gadi, dole wasu su zauna. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa: a Maris 2020, lokacin korona, ma'aikatar tsaro ta hana tafiye-tafiyen sojoji, hutun da aka riga aka shirya ya rushe.

Hutun kyauta ne?

Ba kyauta ba ne, kuma iyaye da yawa ba su san haka ba. Sojan Amurka yana tara kwana biyu da rabi na hutu duk wata, kwana 30 a shekara. Yaron da ya shiga a tsakiyar Satumba, zuwa tsakiyar Disamba kwana bakwai da rabi kacal ya tara. In ya ɗauki mako biyu, sauran bashi ne da zai biya da hutun watanni masu zuwa. Kuɗin jirgi ma daga aljihunsa, a lokacin da tikiti ya fi tsada, da albashin ƙaramin soja.

Shi ya sa wasu yaran kan zaɓi zama, su adana kwanakin zuwa lokacin da suka gama makaranta, kafin a tura su jirgin ruwansu na farko, wanda zai iya kasancewa a Japan ko Bahrain. A ganina wannan dabara ce, ba rashin son gida ba, kuma bai kamata a yi wa yaro gori a kanta ba.

Yaushe ya dace mu sayi tikiti?

Sai takarda ta fito da sa hannu. Kafin nan cinikin biri ne a sama. In tsadar ta sa dole a saya da wuri, a sayi wanda ake iya canza masa rana ko a karɓi kuɗi. A kula da ranar komawa fiye da ranar zuwa. Dusar ƙanƙara kan tsayar da jirage a Chicago a Janairu, kuma sojan da hutunsa ya ƙare bai bayyana ba, ba tare da izini ba, ya karya sashe na 86 na dokar soja. Gara ya koma da kwana ɗaya a hannu. In jirgi ya maƙale, ya kira ofishin masu gadi nan take, kada ya jira sai ya isa.

Ba zan iya kiran kwamandansa na roƙa ba?

Kada ki yi. Ɗanki baligi ne a idon rundunar, kiran uwa ba ya fitar da takarda, sai dai ya jawo masa kunya a gaban na sama da shi. Mai neman bayani ya nemi wakilin iyalai, tsarin da Admiral Elmo Zumwalt, shugaban sojan ruwan Amurka na lokacin, ya kafa a 1970. Yawanci matar wani soja ce ko mijin wata, da ke aikin sa kai tsakanin kwamanda da iyalai.

Rasuwa ko ciwo mai tsanani na makusanci, wannan hanyarsa daban. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka ake kira, ta tabbatar da labarin daga asibiti, ta isar wa bariki, kwamanda ya yanke shawarar hutun gaggawa. A ajiye cikakken sunan yaro, muƙaminsa da adireshin sashensa a wuri ɗaya tun yanzu. In babu kuɗin tafiya, akwai ƙungiyar tallafa wa sojojin ruwa da aka kafa a 1904, tana ba da rance marar ruwa.

Mu Musulmi ne. Da Sallah fa?

Ba a rufe makaranta don Sallah. Yana iya neman izinin zuwa Idi ta hannun malaman addini na bariki, ana duba yanayin aiki a ba shi ko a hana. Don haka hutun Disamban nan shi ne dogon hutun da iyalin Musulmi ma za su sa wa ido.

In ta tabbata ba zai zo ba, me za mu yi?

A gaya wa ƙannensa da wuri, kada a bar su suna ƙirga kwanaki. Idan a makarantar "A" yake, wayarsa na hannunsa, kuma in an ba shi izinin fita gari kuna iya zuwa ku gan shi, sai dai a tambaye shi ranakun gadinsa kafin a kama ɗaki a otal. Idan kurtu ne, wasiƙa ce hanya. Kada a aika masa abinci ko kayan maƙulashe a Great Lakes, ba a bari kurtu ya riƙe su. Kuma a bar waya a kunne, a ɗaga ko da lambar baƙuwa ce, domin ba shi ke zaɓen lokacin kira ba.