Mene ne jinya ta hanyar aikin hannu da fasaha?

A wasu manyan asibitoci, musamman na ƙwaƙwalwa da na ƙashi, akwai wani sashe da idan baƙo ya leƙa zai ɗauka cibiyar koyon sana'a ya shigo. Ga keken ɗinki, ga zare da allura, ga yumɓu, ga fenti da takardu, marasa lafiya kowa da abin da ya sa a gaba. Shi ne sashen da ma'aikatan lafiya ke kira okupeshonal terafi, wato jinya ta hanyar aiki. Aikin da ake nufi ya haɗa duk abin da mutum ke cika yininsa da shi: wanka, sa tufafi, alwala, girki, zuwa kasuwa, sana'a, karatu, har da wasa idan yaro ne. Burin ma'aikacin wannan fanni shi ne ya mayar da wanda ciwo ko haɗari ya nakasa kan waɗannan harkoki gwargwadon iko. Saƙa da ɗinki da zane da ginin tukwane da kiɗa suna cikin kayan aikin da yake amfani da su don isa can.

Mutane da yawa suna zaton ana ba majinyaci waɗannan abubuwa ne don ya rage zaman banza, ko don ya samu sana'ar dogaro da kai bayan sallama. Dukansu biyun suna iya samuwa, amma ba su ne dalilin ba. Aikin hannu a wannan sashe tamkar magani yake: ana zaɓarsa saboda ciwo takamaimai, ana auna yawansa, ana ƙara shi ko a rage, kuma ana rubuta sakamakonsa a fayil.

Ɗauki wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na dama ya mutu, sannan ya fara ɗan motsi. Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sabbin hanyoyi a madadin waɗanda suka lalace, sai dai tana buƙatar a maimaita motsi sau ɗaruruwa, kullum, na tsawon watanni. Idan aka ce wa mutum ya zauna yana buɗe yatsu yana rufewa, ba zai daɗe ba zai gaji ya bari. Idan kuwa aka ba shi yumɓu ya murza, ko aka sa shi jera duwatsun carbi a zare, zai yi wannan motsin ba adadi hankalinsa na kan abin da yake haɗawa. Kafin a miƙa masa aikin, ma'aikacin ya riga ya warware shi gaɓa-gaɓa a ransa: wane yatsa zai yi aiki, wane irin riƙo ake buƙata, kafaɗa za ta ɗaga zuwa ina, matakai nawa mutum zai riƙe a kansa, ido da hannu za su haɗu ta yaya. Daga nan sai a bi da shi hawa-hawa. A fara da manyan duwatsu masu faɗin huda da igiya mai kauri, bayan makonni a koma ƙanana da siririn zare. A fara a zaune da hannu a kan tebur, daga baya a ɗaga aikin sama don kafaɗa ta miƙe, ko a yi shi a tsaye don ƙafa ta koyi ɗaukar nauyi. Idan yatsu ba su iya riƙe alƙalami ko buroshi, a naɗa wa mariƙin soso ya yi kauri. Ranar da ya iya zura ƙaramin dutse a zare, ya kusa iya sa maɓallin rigarsa da kansa, wanda shi ne abin da ake nema tun farko.

A ɓangaren taɓin hankali da ciwon damuwa, amfanin ya sha bamban. Mai ciwon damuwa yakan janye daga komai, janyewar kuma ta ƙara masa ciwon. Ƙaramin aiki mai farko da ƙarshe, wanda zai gama cikin zama ɗaya ya ga abin da hannunsa ya yi, yana karya wannan zagaye. Yana dawo da tsarin yini, yana koya wa hankali tsayawa wuri ɗaya, kuma idan a rukuni ake yi, mutum zai nemi aron almakashi, ya jira layinsa, ya yi magana da na kusa da shi ba tare da an tsare shi da tambayoyi ba. Shi ma ma'aikacin yana karantar abubuwa da yawa daga yadda mutum ke aiki: ko yana bin umarni mai mataki uku, ko yana fushi ya jefar idan ya yi kuskure, ko yana lura da kuskuren ma. Tsofaffi masu ciwon mantuwa kuwa, sau da yawa hannunsu yakan riƙe sana'ar da suka yi shekaru suna yi bayan sunaye da ranaku sun ɓace musu.

Tunanin ya daɗe. A ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Turai, likita Philippe Pinel a Faransa da William Tuke, wanda ya buɗe gidan jinya a York ta Ingila a 1796, sun nuna cewa mutunci da aikin yi suna kwantar da majinyata fiye da ɗauri da sarƙa. A 1904 likita Herbert Hall ya buɗe wurin jinya a Marblehead ta Amurka inda saƙa da ginin tukwane suka zama jigon magani. Fannin ya samu ƙungiyarsa ta farko a watan Maris na 1917 a Clifton Springs, jihar New York, inda mutum shida suka hallara. Cikinsu akwai George Barton, mai zanen gine-gine da ya sha fama da tarin fuka, ya rasa wani ɓangare na ƙafarsa, ya kuma farfaɗo da kansa ta hanyar kafinta da aikin lambu. Da William Rush Dunton, likitan ƙwaƙwalwa. Da Eleanor Clarke Slagle, wadda ta shahara wajen tsara wa majinyata yininsu. A shekarar ce Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka horar da mata aka tura su asibitocin soja suna koya wa raunanan sojoji saƙar kwando da sassaƙa da aikin fata.

Daga baya sana'o'in hannun sun ja baya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aikin likita ya karkata ga abin da za a iya aunawa da na'ura, har aka riƙa yi wa ma'aikatan fannin ba'a da cewa masu saƙar kwando ne. Da yawansu suka ajiye zare suka rungumi motsa jiki zalla. A 1961 Mary Reilly, wata ƙwararriyar fannin a Amurka, ta gabatar da lacca da ta yi tasiri sosai, tana tunatar da abokan aikinta cewa ɗan Adam yana iya sauya lafiyarsa ta hanyar amfani da hannuwansa idan hankali da niyya suka motsa su. A Afirka ta Kudu, Vona du Toit ta tsara hanyar auna matakin da majinyaci ya kai wajen himma da iya ƙirƙira, don a ba shi aikin da bai fi ƙarfinsa ba kuma bai raina shi ba. Har yau ana amfani da tsarinta a can da kuma Birtaniya.

Darasin da fannin ya koya daga wancan ja da baya, a ganina, shi ne mafi muhimmanci a gare mu: aikin ba ya amfani idan ba shi da ma'ana ga mai yinsa. Dattijon malami da aka miƙa wa fenti aka ce ya zana fuskar mutum zai iya ƙi saboda addininsa, ko ya ji an mayar da shi yaro, a rubuta a fayil cewa ba ya ba da haɗin kai. A ba shi alƙalamin kara da tawada da allo, ya yi rubutu ko zayyana, yatsun da ake son motsawa su ne dai za su motsa, kuma zai yi da zuciya ɗaya. Matar da ta saba saƙar faifai ko ɗinkin hula ba ta buƙatar a sayo mata kayan wasa daga waje. Ya kamata a tambayi mutum me yake yi kafin ciwo, me yake kewa, me zai ji kunyar a gan shi yana yi, domin a ƙasar Hausa sana'o'i suna da jinsi da daraja da gado, kuma majinyaci bai bar waɗannan a ƙofar asibiti ba.

Akwai fannoni biyu da ake yawan rikita su da wannan. Masu gashin ƙashi, wato fisiyo, sun fi mayar da hankali kan ƙarfin tsoka da gaɓoɓi da tafiya, su kuma masu jinya ta hanyar aiki kan abin da mutum zai yi da gaɓoɓin a rayuwarsa ta yau da kullum. Galibi tare suke aiki a kan majinyaci ɗaya. Akwai kuma jinya da zane, wadda mai zanen Ingila Adrian Hill ya raɗa wa suna a 1942 bayan shi ma ya yi jinyar tarin fuka. Ita wannan reshe ce ta maganin ƙwaƙwalwa da ke bin hoton da mutum ya zana don isa ga abin da ya kasa faɗa da baki, kuma horon masu yinta daban ne. Ko ɗaya cikinsu ba ya maye gurbin ƙwayoyin da likita ya rubuta. Mai farfaɗiya ko hawan jini ko taɓin hankali zai ci gaba da shan maganinsa yana wannan jinyar.

Ƙungiyar ƙwararrun fannin ta duniya ta kafu a 1952, kuma ana tunawa da aikinsu kowace ranar 27 ga Oktoba. A Najeriya ana horar da su a makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas da kuma Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, hukumar kula da ma'aikatan farfaɗo da marasa lafiya ta ƙasa, wato MRTB, ce kuma ke yi musu rajista tare da masu gashin ƙashi. Har yanzu ba su da yawa, an fi samunsu a asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa na tarayya. Don haka mai jinyar wanda ya samu shanyewar jiki, ko ƙuna a hannu, ko yaron da girmansa ya yi jinkiri, yana da kyau ya tambayi likita kai tsaye ko asibitin yana da wannan sashe, ya kuma nemi a nuna masa ayyukan da za a ci gaba da yi a gida bayan sallama.