Matsafi mai sanɗa (wasan kwaikwayon tebur)

Matsafi mai sanɗa wani nau'in jarumi ne da ake ginawa a wasannin kwaikwayon tebur, wato wasannin da mutane kaɗan ke zama da takarda da fensir da ƙwayoyin jifa, ɗaya yana jan labari, sauran kowa yana riƙe da jarumi guda. Aikinsa laɓewa ne da buɗe kwaɗo da sane da yaudara, sihiri kuma ƙari ne a kan waɗannan. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane shi: akwai Gizo na tatsuniya, akwai kuma labaran ɓarayin da ake cewa suna ɗaure da layar zana ko baduhu.

Asali

Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, bai zo da ɓarawo a cikin rukunonin jarumansa ba. An ƙara shi a 1975 cikin ƙarin littafi mai suna Greyhawk. Haɗa ɓarawo da matsafi a ƙarƙashin suna guda, Arcane Trickster, ya zo a zamanin bugu na uku. A bugu na biyar na 2014 ya zama reshe ne na rukunin ɓarawo, ana zaɓensa a mataki na 3 na matakan girma da jarumi ke hawa a wasan. Wasan Pathfinder na kamfanin Paizo, wanda ya fito a 2009, shi ma yana da irinsa. Alƙaluman da ke ƙasa na bugun 2014 ne, sai inda aka ambaci gyaran 2024.

Ginin jarumin

Kowane jarumi yana da siffofi 6: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Tsarin da aka saba shi ne a raba musu 15, 14, 13, 12, 10 da 8. Mai sanɗa yana ba zafin nama mafi girma, domin laɓewa da sane da buɗe kwaɗo duk a kansa suke, sai basira ta biyo baya tunda ita ke ɗauke da sihirinsa. Ƙarfi ne ake bari da 8, kuma ba kasafai ake nadamar hakan ba sai ranar hawa katanga.

Ɓarawo yana fara wasa da fannonin gwaninta 4 daga cikin 18, fiye da kowane rukuni, kuma tun a mataki na 1 yana ninka makin ƙwarewarsa a biyu daga cikinsu. Nan ne ƙarfin ginin yake. A ɗauki tebur a wani zaure a Katsina, mai jan labari ya shimfiɗa birni mai ganuwa irin na da, an rufe ƙofa bayan magariba, dogari yana tsaye a bakinta. Jarumi na mataki na 5 mai zafin nama 16 yana da 3 daga siffar, da 6 daga ninkakkiyar ƙwarewa, jimilla 9. Lurar mai gadi na gama-gari a littafin 12 ce. Idan aka jefa ƙwaya mai fuska 20, aka ƙara 9 ɗin a kan abin da ya fito, aka gwada da 12 ɗin, duk jifar da ta haura 3 ta wuce da shi, ba tare da ya taɓa sihiri ko ɗaya ba. Daga mataki na 11 kuma, duk jifar da ta gaza 10 a fannin da ya ƙware ana lissafa ta 10. Gyaran 2024 ya sauko da wannan zuwa mataki na 7.

Sihiri da ƙararsa

Kuskuren da sababbin 'yan wasa suka fi yi shi ne ɗaukar ɓacewa daga ido a matsayin sanɗa. A ƙa'idar wasan, wanda ba a gani ana iya jin takunsa, ana iya ganin sawunsa a rairayi, don haka sai ya sake jifar laɓewa. Sihirin ɓacewa na daraja ta 2 (sihiri daraja-daraja ne gwargwadon ƙarfinsa) yana kai awa guda, amma yana warwarewa da zarar jarumi ya kai hari ko ya yi wani sihirin. Babbansa na daraja ta 4 ba ya warwarewa da hari, sai dai minti ɗaya ne rak.

Sannan yawancin sihirin sai an furta kalmomi, furuci kuwa sauti ne. Mafi ban dariya shi ne sihirin buɗe ƙofa, wanda ke buɗe kwaɗon amma ya saki bugun da ake ji har nisan ƙafa 300. An shiga gidan, an kuma tashi unguwa. Shi ya sa gogaggu ke barin kwaɗo ga kayan aiki, su zaɓi sihiri irin ƙaramin ruɗin ido da kunne, wanda ba ya buƙatar furuci, ko na sauya kama na awa guda.

Abin da ya bambanta wannan reshe shi ne hannun sihiri, wani hannu mai shawagi a iska da ake aikawa ya ɗauko abu. Kowane matsafi zai iya aika shi nisan ƙafa 30, amma na mai sanɗa yana iya ɓacewa, ya zare makulli daga aljihun dogari, ya kwance tarko daga nesa. A mataki na 9, idan ya yi sihiri yana ɓoye, wanda aka nufa yana jefa ƙwaya biyu ya ɗauki ƙarama wajen kare kansa.

Farashin duk wannan jinkiri ne. Cikakken matsafi yana samun daraja ta 2 a mataki na 3, ta 3 a mataki na 5. Mai sanɗa sai mataki na 7 da na 13, kuma ba ya wuce daraja ta 4, wadda ke zuwa a mataki na 19, inda tebura da yawa ba sa kaiwa.

Wasu hanyoyi

Wanda ya fi son sihiri kan ɗauki rukunin mawaƙi, reshen ilimi, mai ƙara fannoni 3 a mataki na 3, mai ninka ƙwarewa shi ma, wanda sihirinsa ke kaiwa daraja ta 9 bisa kwarjini. Kusan maroƙin fada ne da ya iya shiga ko'ina da baki. Matsafin gado, wanda aka haifa da sihiri a jininsa, kuma yana iya kashe makin sihiri ɗaya ya yi sihiri ba furuci ba motsin hannu, ko a gaban sarki. Wasu na haɗa rukunoni biyu, mataki ɗaya ko biyu na ɓarawo sauran na matsafi, in dai siffofin da ake buƙata sun kai 13.

A tebur

Matsalar da ta rage ba ta lissafi ba ce. Mai sanɗa yakan yi gaba shi kaɗai, sauran 'yan wasa su zauna suna kallo shayi na hucewa, abokinsa mai sulke kuwa kowace jifar laɓewa biyu yake yi ya ɗauki ƙarama. Littafin ya tanadi jifar taro, inda nasarar rabin ƙungiya ke wadatar da kowa. Akwai kuma sihirin shafe sawu na maharba da matsafan daji, mai ƙara wa duk wanda ke cikin ƙafa 30 maki 10 na tsawon awa guda, amma ba ya cikin jerin da mai sanɗa ke zaɓa daga ciki, sai a nemo shi wurin wani a ƙungiyar.