Tsarin Shafukan Intanet: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi

Ɗalibai daga Samaru da Kongo, da masu makarantu a Sabon Gari da Tudun Wada, ba su daina maimaita tambayoyi iri ɗaya kan wannan batu ba. Ga amsa a rubuce, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Launi da hotuna suna cikin tsari?

A'a. Tsari shi ne yadda aka jera shafuka da yadda wannan ke kai mutum ga wancan. Launi ado ne.

Yaya zan kwatanta shafuka biyu?

Ɗaukar hoton shafin farko na kowanne a liƙa su a takarda ba nazari ba ne, ko da malami ya karɓa. Ka zaɓi buƙata ɗaya, misali neman kuɗin makaranta, ka neme shi a shafukan biyu ta waya, domin da ita yawancin mutanenmu ke shiga. Ka rubuta duk inda ka tsaya kana tunanin abin da za ka danna. Nan ne tsarin ya gaza, kuma sau da yawa dalilin shi ne an jera bayanai bisa sunayen ofisoshi, alhali uban da ke neman kuɗin zango bai san ofishin da ke riƙe da wannan bayani ba.

Tsari iri nawa ne?

Uku aka fi gani: mai rassa, irin na jami'a daga tsangaya zuwa sashe, mai mataki-mataki, irin na cike fom, da mai saƙa, irin na Wikipedia. Manyan shafuka kan haɗa su.

Shafinmu na Hausa da Turanci ne. Mu raba su ko mu haɗa?

Wannan ba shi da amsa guda, ya danganta da ƙarfinku. BBC ta ajiye Hausa a matsayin reshe cikin adireshinta, wato bbc.com/hausa, ita kuwa Wikipedia ta ba Hausa adireshin kanta, ha.wikipedia.org, da editocinta daban. Duka biyun suna aiki, amma ku lura cewa kowannensu yana da mutanen da ke kula da ɓangaren Hausa kullum. Idan mutum ɗaya ne ke riƙe da shafinku, a ganina reshe ya fi sauƙi, domin gyara ɗaya ya wadatar. Sai dai idan abin da za ku rubuta da Hausa ba fassarar na Turanci ba ne, wataƙila rabawar ta fi, musamman in masu karatun daban ne. Ko wanne kuka zaɓa, kada maɓallin sauya harshe ya mayar da mutum shafin farko. Ya kai shi ga takwaran abin da yake karantawa. In kuma ba za ku iya sabunta Hausar ba, gara shafuka biyar sahihai da hamsin da aka bari tun bara.

Akwai hanyar ganin dukkan shafuka lokaci guda?

Ƙara /sitemap.xml a ƙarshen adireshin. Wannan fayil ne da ke jera adireshin shafukan da ke ciki. Google ne ya ɓullo da shi a 2005, kuma fayil ɗaya ba ya wuce adireshi 50,000. In bai buɗe ba kada ka damu, ba kowane shafi ke da shi ba. Sai ka bi jerin zaɓi ka zana taswirar da hannu.

Dole ne komai ya samu cikin dannawa uku?

Ba dole ba ne. Mutum zai danna sau biyar ba tare da ƙorafi ba, muddin kowane suna ya gaya masa inda zai kai shi.