Musayar bayanan marasa lafiya tsakanin asibitoci da likitocin iyali a Ingila

Musayar bayanan marasa lafiya ta kwamfuta tsari ne da ke bai wa asibiti da likitan iyali damar ganin abin da kowannensu ya rubuta a kan mutum guda: cutar da aka gano, maganin da yake sha, sakamakon gwajin jini ko hoton ƙirji, da magungunan da jikinsa ba ya karɓa. A Ingila batun yana da nauyi saboda yadda hukumar lafiya ta NHS, wadda aka kafa a 1948, ta raba aiki. Kusan kowa yana da rajista da likitan iyali, wanda ake kira GP, kuma a hannunsa tarihin lafiyar mutum yake taruwa tun yana jariri. In ba larurar gaggawa ba, yawanci sai shi ya tura mutum kafin ya ga ƙwararren likita a asibiti.

Asali

Likitocin iyali sun riga asibitoci rungumar kwamfuta da shekaru masu yawa. Yau manhajoji biyu ne suka mamaye ɗakunan shan maganinsu, EMIS Web da SystmOne. Asibitoci kuwa kowanne ya sayi tasa manhajar, wasu suka daɗe a kan fayil na takarda. Domin ɗinke wannan ɓaraka ne gwamnatin Tony Blair ta ƙaddamar da gagarumin shirin kwamfuta na ƙasa a 2002, da nufin kowane mara lafiya ya samu kundi guda. Shirin ya yi ta fama da jinkiri da rigima da 'yan kwangila, har gwamnati ta sanar da wargaza shi a watan Satumba na 2011. A 2013 kwamitin majalisar dokoki mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya ce kuɗin da aka ƙiyasta zai ci ya kai fam biliyan 9.8. Babban kuskurensa shi ne an tsara shi daga sama ba tare da an saurari likitoci da ma'aikatan jinyar da za su yi aiki da shi ba.

Duk da haka bai tafi a banza ba. Ya bar cibiyar sadarwa ta ƙasa mai suna Spine, da tsarin aika takardar magani kai tsaye zuwa kantin magani, da tsarin adana hotunan asibiti.

Yadda yake aiki

Ginshiƙin komai shi ne lambar NHS mai alƙaluma 10, wadda ke bambanta mutane biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. A kan Spine akwai taƙaitaccen kundi da ake kira Summary Care Record, wanda aka fara gwadawa a garin Bolton a 2007. Ana cire shi ne daga bayanan likitan iyali, kuma aƙalla yana ɗauke da magungunan da mutum ke sha da waɗanda suka taɓa yi masa illa. Idan aka kawo mutum sashen gaggawa da tsakar dare a sume, likita zai shiga da katin shaidarsa na aiki ya duba, kuma na'urar tana rubuta sunan wanda ya buɗe da lokacin. Akwai kuma GP Connect, wanda ke bai wa ma'aikaci mai izini damar ganin bayanan likitan iyali ko da manhajarsu ba iri ɗaya ba ce. Don manhajoji su fahimci juna, ana amfani da ƙa'idar FHIR wajen tsara saƙo, da kundin SNOMED CT wajen bai wa kowace cuta lamba.

Takardar sallama

A nan ne amfanin tsarin ya fi fitowa fili. A ɗauki dattijuwar da aka kwantar saboda ciwon zuciya. A asibiti an dakatar da ɗaya daga cikin magungunan hawan jininta, an ɗora ta a kan maganin tsinka jini, an ce a gwada ƙodarta bayan mako guda. Ta koma gida da ledar sababbin magunguna, tsofaffin kuma suna nan a kan teburi. In takardar sallama ba ta isa ga likitan iyali da wuri ba, zai iya sake rubuta mata maganin da aka dakatar, gwajin ƙodar kuma ya bi ruwa. Shi ya sa yarjejeniyar aikin da NHS ke ƙullawa da asibitoci ta wajabta musu aika wannan takarda ta kwamfuta cikin awa 24. Saurin isarta kaɗai bai wadatar ba. Sai ta faɗi dalilin canza magani da wanda alhakin bibiya ke wuyansa, abin da ƙaramin likita mai gaggawar sallamar mutane yakan tsallake.

Tsohuwar hanya ta yi wuyar bari. A 2018 an gano asibitocin NHS na riƙe da na'urorin faks sama da 8,000, har ministan lafiya na lokacin, Matt Hancock, ya hana sayen sababbi.

Sirri da tsaro

Tun bayan rahoton da kwamitin likita Fiona Caldicott ya fitar a 1997 kan sirrin bayanan marasa lafiya, kowace hukuma a NHS tana naɗa babban jami'i mai tsaron sirrin marasa lafiya. Mutane ba su cika ƙin likitan da ke duba su ya ga bayanansu ba. Inda ake samun turjiya shi ne kwashe bayanan don bincike ko tsare-tsare. Shirin care.data, wanda aka tsara don tattara bayanan likitocin iyali a rumbu ɗaya na ƙasa, ya rushe a 2016 kan wannan, wani makamancinsa kuma aka dakatar da shi a 2021 bayan jama'a da dama sun janye izininsu. Haɗa na'urori yana da nasa haɗarin: harin muguwar manhajar WannaCry, wadda ta kulle kwamfutocin asibitoci a watan Mayun 2017, ya sa an soke ganin likita da aikin tiyata kusan 19,000. Daga 2019 manhajar waya ta NHS App ta yaɗu a faɗin Ingila, inda mara lafiya ke iya duba magungunansa da sakamakon gwajinsa da kansa.