Daga Kakuri zuwa Rigasa: Yadda Kasuwar Gidaje ta Rabu Biyu a Kaduna

Duk lokacin da aka tayar da zancen tsadar haya a Kaduna, akan ɗora laifin a kan farashin siminti da la'adar dillalai, kamar dai jiya matsalar ta faɗo daga sama. Tushenta ya fi haka nisa.

Tarihin farko sananne ne. A 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, wasu suka biyo baya cikin shekarun 1960, sannan aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Ma'aikata suka kwararo daga ko'ina, magidanta kuma suka yi ta jera ɗakunan haya a Kakuri da Makera da Nasarawa, gida guda rijiya ɗaya, banɗaki ɗaya. Daga baya darajar naira ta faɗi bayan 1986, wutar lantarki ta yi ƙaranci, atamfar waje mai araha ta cika kasuwa, har masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2002 da 2007.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ƙaurar cikin gari da ta biyo bayan rikicin addini na 2000 da na 2002, wadda ta zo daidai lokacin da albashi ke ƙafewa. Kafin nan, ma'aikaci kan nemi ɗaki ne inda zai isa bakin aiki da keke ko da ƙafa, ba tare da ya damu da wanda ke ɗakin kusa ba. Bayan rikicin sai Musulmi da yawa suka tsallaka kogin Kaduna zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci kuma suka nufi Sabon Tasha da Television da Romi. Wasu sun sayar da gidajensu a wulaƙance domin gaggawa, wasu sun yi musaya da waɗanda ke tahowa daga ɗaya ɓangaren, kuma wanda ya bar gida mai ɗaki shida ya kan ƙare a ciki da falo na haya.

Tun daga nan, a ganina, kasuwar ta rabu biyu. Mai neman gida ba ya duba garin gaba ɗaya, rabinsa kawai yake dubawa, don haka buƙata ta taru a unguwannin da aka yanka filayensu kafin a kai musu hanya ko magudanar ruwa. Rigasa ta bunƙasa a haka, tashar jirgin ƙasa ta 2016 kuma ta ƙara wa filayenta kuɗi. A tsoffin layukan ma'aikata kuwa, mai gidan da ɗan hayarsa ya rasa aiki ba shi da abin sauya kwano, sai dai a ɗora dutse a kan rufi idan damina ta kama, a tara bokiti a tsakar ɗaki.